Yadda Ake Bin Sawun Farfaɗowar Garkuwar Jiki a Ɓeraye Bayan Dashen Ɓargo

Wata ɗaliba ta same ni a ɗakin gwaji da takarda a hannu, bakinta har kunne. Ta ce, "Malam, dashen ya kama. Kusan duk fararen ƙwayoyin jinin na ɓeran da ya bayar ne." Na tambaye ta sati nawa ke nan da yin allurar, ta ce huɗu. Na ce mata, "Malama, adana wannan takarda, ki kawo mini ta sati 8 da ta 12 da ta 16, sannan mu zauna." Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da ake gani a jini cikin watan farko yawanci aikin ƙananan ƙwayoyi ne masu gajeren zango, waɗanda za su yi ta haihuwa na ɗan lokaci su ƙare. Uwayen ƙwayoyin jini na ainihi, waɗanda saboda su aka yi dashen, sai daga baya ake tabbatar da aikinsu.

Wannan aiki ya shafe mu ƙwarai. Da wuya ka sami dangi a Kaduna da ba su da mai sikila, kuma dashen ɓargo yana cikin 'yan hanyoyin da ke raba mutum da cutar. An fara yin sa a Nijeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Abin da ke kashe majinyaci bayan dashe sau da yawa shi ne tsawon watannin da yake yi ba garkuwa, kuma da yawa daga abin da likitoci suka sani kan waɗannan watanni a jikin ɓera aka fara koyon sa. Tun 1961 James Till da Ernest McCulloch a Toronto suka zuba ɓargo a jikin ɓerayen da aka gasa da radiyeshan, suka ga ƙulle-ƙulle sun fito a saifa, kowane ƙulli zuriyar ƙwaya ɗaya. A 1988 ɗakin gwajin Irving Weissman a Stanford ya tace uwayen ƙwayoyin daga ɓargon ɓera, a 1996 kuma rukunin Hiromitsu Nakauchi a Japan suka nuna cewa ƙwaya guda ɗaya tak tana iya sake gina jinin ɓera. A kan turbarsu za mu bi.

Mataki na farko: irin ɓeran da za ka nema

A nan aka fi tuntuɓe, tun kafin a taɓa sirinji. Fararen ɓerayen nan da ake sayarwa a gidajen dabbobin gwaji na jami'o'inmu galibi gauraye ne, kowanne da irin gadonsa. Suna da amfani ga gwajin magani, amma ba su dace da wannan aiki ba. In ka ɗauki ɓargon ɗaya ka sa wa ɗan'uwansa, ko dai jikin ya tore shi, ko kuma ƙwayoyin baƙon su far wa fata da hanji da hantar mai masauki. Ko da ma ya kama, ba ka da hanyar bambance ƙwayar baƙo da ta ɗan gida.

Abin da ake amfani da shi shi ne baƙin ɓera mai suna C57BL/6, wanda aka yi ta haɗa wa da ƙanwa tsara bayan tsara har duk zuriyar ta zama kamar tagwaye. Fararen ƙwayoyin jininsa suna ɗauke da wata shaida da ake kira CD45.2. Yana da ɗan'uwa, B6.SJL, wanda kusan komai nasu ɗaya ne sai dai shi shaidarsa CD45.1 ce. Kamar shanu ne na garke guda da aka yi wa zane daban a kunne. Ka ɗauki ɓargon wannan ka sa wa wancan, jiki ba ya ƙin sa, kai kuma kana iya ƙirga na kowa. In kana so ka gwada ɓargo iri biyu su yi tsere a jiki ɗaya, haɗa iyayen biyu aure, 'ya'yansu za su fito da shaidun duka biyu, sai ka mai da su masu karɓa. Ta haka za ka rarrabe ɓangarori uku a digon jini ɗaya.

Ka zaɓi masu sati 8 zuwa 12 da haihuwa, jinsi ɗaya. Kada ka sa ɓargon namiji a jikin mace, domin garkuwarta tana iya ganin ƙwayoyin namiji a matsayin baƙi. In daga waje aka shigo da su, a bar su aƙalla sati guda su huta daga wahalar tafiya. Kafin duk wannan kuwa, sai kwamitin ɗa'ar binciken dabbobi na cibiyarka ya sa hannu a rubuce, da adadin ɓerayen, da matakin da za a dakatar da wahalar dabba in ta yi tsanani.

Mataki na biyu: ɗakin da za su zauna

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɓeran da aka share wa ɓargo zai yi kusan sati biyu ba mai kare shi, ƙwayar cutar da lafiyayyen ɓera ba zai ko ji ta ba ita ce za ta kashe shi. Saboda haka a gyara ɗaki tukuna. Ana son zafin ɗakin ya tsaya tsakanin digiri 20 zuwa 24, haske awa 12 duhu awa 12, danshin iska kuma kada ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin ɗari ko ya haura 70.

Wanda ya san Kaduna ya san waɗannan alƙaluma ba sa zuwa da kansu. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana busar da iska ƙayau, ƙura tana shiga ta ko'ina. Maris da Afrilu kuwa zafi ne mai narka mutum. Na taɓa asarar rukuni guda a wata bazara: wuta ta ɗauke da daren Asabar, janareta bai tashi ba, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya har wayewar garin Litinin. Ɓerayen suna kwana na tara da dashe, daidai lokacin da suka fi rauni. Tun daga ranar ba na fara dashe sai na ga batir da sola a haɗe da ɗakin dabbobi, da ma'aunin zafi mai ajiye mafi sama da mafi ƙasa, da sunan wanda zai leƙa ranar Asabar da Lahadi a rubuce jikin ƙofa. In da hali, ka tsara aikinka yadda satuttuka uku na farko za su faɗo cikin damina, lokacin da gari ya yi sanyi.

Keji mai murfin tace iska, shimfiɗa da abinci da kwalaben ruwa duk a dafa su a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta. A fara zuba maganin rigakafin ƙwayoyin cuta a ruwan sha kwana ɗaya ko biyu kafin gashi da radiyeshan, a ci gaba sati 2 zuwa 4. An fi amfani da haɗin nan na Septrin, ko neomisin, ko enrofuloksasin, bisa abin da likitan dabbobin cibiyar ya rubuta. Kowane rukuni ya sha iri ɗaya, domin maganin da kansa yana taɓa ƙwayoyin hanji, su kuma suna da hannu a yadda garkuwa ke farfaɗowa.

Mataki na uku: share gona

Ɓargo kamar gona ne da ke cike da shuka, sabon iri ba zai sami gurbi ba sai an yi sharar fili. Hanya biyu ce.

Ta farko ita ce gashi da radiyeshan na jiki gaba ɗaya. Ga C57BL/6 ana ba da Gy 9 zuwa 11 (Gy shi ne ma'aunin radiyeshan da jiki ya sha), kuma an fi so a raba shi biyu da tazarar awa 3 zuwa 4, don hanji ya sami sauƙi. Farin ɓera irin BALB/c ba ya jure wannan adadi, nasa ya fi ƙasa. Kowace na'ura da halinta, don haka kafin babban aikin ka gwada da 'yan ɓeraye kaɗan ka san adadin da ke share ɓargo ba tare da ya lalata hanji ba. Alamar ita ce lokaci: wanda ya faɗi cikin satin farko, hanji ne ya ƙone, gashin ya yi yawa. Wanda bai sami ɓargo ba kuma yakan kai kwana 10 zuwa 14 kafin rashin jini ya kayar da shi. Duk na'urar radiyeshan a ƙasar nan tana ƙarƙashin kulawar hukumar NNRA, mai sa ido kan harkar nukiliya da radiyeshan, kuma ma'aikacin da aka horar shi kaɗai ke sarrafa ta. In na'urar tana wani gari, tafiya ma wani nauyi ne a kan dabbar. A yi ta da sassafe, cikin mota mai sanyi, a keji rufaffe.

Ta biyu ita ce maganin busulfan, wanda ya fi sauƙin samu a wurinmu. Ana yin allurarsa a kogon ciki, jimillar miligiram 80 zuwa 125 a kowane kilo na nauyi, a rarraba cikin kwana 4 ko 5, sannan a jira awa 24 bayan ta ƙarshe kafin dashe. Guba ne, yana iya jawo daji ga mai haɗa shi, don haka safar hannu da takunkumi dole ne. Ka kuma riƙe wannan, domin zai canza yadda za ka karanta sakamako: busulfan yana kashe uwayen ƙwayoyi sosai, amma ba ya share manyan limfosait na mai masauki, wato fararen ƙwayoyin garkuwa irin su T da B, kamar yadda radiyeshan ke yi. Ƙwayoyin T na ɗan gida za su daɗe suna yawo a jini, na baƙo kuma su yi ta hawa a hankali. Wanda bai san haka ba sai ya ce dashe bai kama ba.

Ka ware ɓera ɗaya ko biyu da za a share wa ɓargo ba a yi masu dashe ba. Su ne shaidar cewa sharar ta yi. Da zarar sun fara nuna alamun jigata a kawo ƙarshen wahalarsu, ba a jira su mutu da kansu.

Mataki na huɗu: fitar da ɓargo

Wanda ya ƙware ne zai kashe ɓeran da zai bayar, cikin gaggawa, ba a gaban 'yan'uwansa ba. An umarce mu da kyautatawa ko a wajen yanka, ɓera ma rai gare shi. A jiƙa gashin jikinsa da barasar tsafta mai ƙarfin kashi 70, a feɗe ƙafafun baya, a ciro ƙashin cinya da na ƙwauri duka biyu ba tare da an karya su ba. A goge naman da tsumman gos har ƙashi ya fito fes, a jefa shi cikin ruwan gishirin gwaji mai sanyi a kan ƙanƙara.

Ka ɗaga ƙashin ka duba ta haske, za ka ga cikinsa ja kamar zaren lalle. Ka datse kawunansa biyu da almakashi, ka soka siririyar allura mai lamba 25 ko 27, ka tura ruwa. Ɓargon zai fito ta ɗaya gefen kamar 'yar jar tsutsa. Ka ci gaba da turawa har ƙashin ya koma fari tas. In akwai sauran ja, akwai sauran ƙwayoyi, kuma da yawa daga uwayen a kusa da kawunan ƙashi suke zama. Wasu sun fi son a daka ƙasusuwan a ɗan turmi, ana samun ƙwayoyi fiye da haka, sai dai tarkace ya fi yawa.

A warware curin da bututun tsotsa a hankali, a tace ta matacin maikron 70, a juya a na'ura minti biyar ƙwayoyin su kwanta. Sai ƙirga. A haɗa ɗan digo da shuɗin rini na tirifan, a ɗora a gilashin ƙirga na Neubauer: matacciyar ƙwaya tana shan rini ta yi shuɗi, rayayyiya tana ƙyalli. Ɓera ɗaya yakan ba da ƙwayoyi miliyan gommai, ya ishi masu karɓa da dama. Komai a kan ƙanƙara, kuma daga yanka zuwa allura kada a ɓata sa'o'i.

A nan sai ka tsaya ka tambayi kanka abin da kake nema. Ɗanyen ɓargo cakuda ne. Uwayen ƙwayoyi a cikinsa ba su wuce ɗaya cikin dubun-dubata ba, saura 'ya'ya ne da jikoki, har da manyan ƙwayoyin T da suka riga suka balaga. In tambayarka ita ce yadda sabbin ƙwayoyin T ke tasowa daga tushe, dole ka cire waɗannan manyan da maganaɗisu kafin dashe, in ba haka ba za su hayayyafa a jikin da ba kowa su ruɗe ka. In kuma uwayen zalla kake so, sai na'urar tsince ƙwayoyi: ana neman waɗanda ba su da shaidar kowace zuriya, masu Sca-1 da c-Kit da CD150, marasa CD48. Su kaɗai ba za su iya ceton ɓera cikin sati biyu ba, don haka ana haɗa su da ɗanyen ɓargo kimanin ƙwaya 200,000 masu wata shaida daban, su riƙe rai kafin uwayen su kankama.

Mataki na biyar: allura

Ga ɗanyen ɓargo, ƙwaya miliyan 1 zuwa 5 cikin ruwa maikrolita 100 zuwa 200 ta wadatar. Ana yi bayan 'yan sa'o'i da gashi na biyu, ko dai cikin awa 24. Jijiyoyin da ake nema suna gefe biyu na wutsiya, hagu da dama. A baƙin ɓera ganinsu wuya gare shi, sai an ɗumama wutsiyar da ruwan ɗumi ko fitila na minti kaɗan su taso. A sa ɓeran a bututun riƙewa, a ɗauki sirinjin insulin, a fara daga can ƙasan wutsiya, don in an kuskure a matso sama. Allura a kwance kusan daidai da fata, bakinta na kallon sama. In kana cikin jijiya, ruwan zai tafi ba turjiya, ka ga jijiyar ta yi fari har sama. In ka ji tauri ko ka ga wurin ya kumbura, tsaya, ƙarƙashin fata kake zubawa. Ka rubuta lambar duk ɓeran da allurarsa ba ta shiga sosai ba. Sati goma sha shida nan gaba, in ka ga ɗaya ya bambanta da saura, wannan rubutu ne zai ba ka amsa. Kafin kowace zuƙa ka girgiza kwalbar a hankali, ƙwayoyi suna kwanciya da sauri, na ƙarshe kada ya sami ruwa zalla.

Mataki na shida: sati biyun tsaka mai wuya

Kullum a duba su, a auna nauyi aƙalla sau uku a sati. Za su rame kaɗan a satin farko, wannan ba abin tsoro ba ne. A jiƙa masu abinci ya yi laushi, a ajiye a ƙasan keji inda ba sai sun miƙe ba. Wanda ya rasa kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa, ko ya daina motsi, a sauƙaƙa masa.

Ido ya fi sikeli saurin gani. Akwai wani dattijo da ya shekara da shekaru yana kula da gidan dabbobi a inda na fara aiki. Wata safiya ya tare ni a ƙofa ya ce, "Malam, na kejin can na uku, mai huda a kunnen dama, yau bai yi sheƙa ba." Na duba, nauyinsa bai sauka ba. Na ce, "Baba, ai sikeli bai nuna komai ba." Ya ce in dubi tafin ƙafarsa. Fari fat, kunnuwan ma haka, ga baya ya ɗan tanƙware, gashi ya tashi. Allurarsa ce ba ta shiga ba. Daga gare shi na koyi sa auduga a kowane keji, domin lafiyayyen ɓera ba ya kwana bai yaga ta ya gina ɗaki ba.

Wajen kwana 14 waɗanda dashensu ya kama za su fara murmurewa. Bayan wasu makonni za ka ga baƙin gashinsu ya soma furfura. Aikin radiyeshan ne a kan ƙwayoyin launi, ba cuta ba ce.

Mataki na bakwai: ɗibar jini da rini

Ka tsayar da ranaku tun farko: sati 4, 8, 12, 16. In farkon farfaɗowa ne ya dame ka, ƙara sati 2 da 3, amma da ɗan digo kawai. Jinin ɓera mai giram 25 gaba ɗaya bai kai mililita 2 ba. Maikrolita 50 daga jijiyar wutsiya ko ta kumatu ya isa, a kwalba mai EDTA don kada ya daskare. A riƙa ɗiba a lokaci guda na yini, domin yawan fararen ƙwayoyi a jinin ɓera yana hawa da sauka tsakanin dare da rana.

Ka raba jinin biyu. Kashi ɗaya na ƙirga: fararen ƙwayoyi nawa ne a kowane maikrolita. Wannan ƙirga ɗalibai suka fi tsallakewa, kuma ita ce rabin labarin. Ɓera zai iya nuna cewa kashi 90 na ƙwayoyin T ɗinsa na baƙo ne alhali duk jimillarsu ba su taka kara sun karya ba.

Ɗaya kashin a fasa jajayen ƙwayoyinsa da ruwan amoniyam kulorayid, su dama ba su da CD45. A wanke, a toshe da maganin CD16/32 don kada rini ya manne inda ba a aike shi ba, sannan a zuba antibodi masu launi, waɗanda kowannensu ke manne wa shaida guda, a bar su kimanin minti 30 a sanyi cikin duhu. Ana buƙatar CD45.1 da CD45.2 don sanin na waye, CD11b da Ly6G don nutrofil da monosait, fararen ƙwayoyin da ke cinye ƙwayoyin cuta, CD19 ko B220 don ƙwayoyin B, CD3 da CD4 da CD8 don T, NK1.1 don ƙwayoyin NK, masu kashe ƙwayoyin jiki da suka kamu da cuta. Sai rinin ware matattu. Kowace rana ka haɗa da jinin ɓeraye biyu da ba a taɓa ba, ɗaya daga kowace shaida, su za su nuna maka inda za ka ja layi a na'urar fulo, mai ƙirga ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya bisa launin rininsu. Antibodin nan tsada gare su kuma zafi yana kashe su. Firjinsu shi ma ya hau layin batir. In sai an kai samfur wani gari, a sa masa fomaldehaid bayan rini don ƙwayoyin su tsaya yadda suke, a nannaɗe da takardar alminiyam, a kai cikin kula mai ƙanƙara.

Mataki na takwas: karanta abin da ya fito

Kada ka lissafa kason baƙo a dunƙule. Ka lissafa shi a kowace zuriya daban: na baƙo, a raba da jimillar na baƙo da na gida, sau ɗari. Dalili shi ne kowace zuriya da agogonta.

Nutrofil da monosait su ke fara dawowa, cikin sati 2 zuwa 3. Rayuwar nutrofil a jini ba ta wuce yini ko makamancinsa, don haka su ne madubin abin da ɓargo ke yi a yau. In a sati 16 nutrofil na baƙo suna nan da yawa, to uwa tana raye tana aiki. In sun yi sama a sati 4 suka yi ta zamewa har suka ɓace, masu gajeren zango ne suka yi wasansu suka tafi, ko da kuwa ƙwayoyin B da T na baƙo suna nan, domin su limfosait suna iya rayuwa watanni bayan wadda ta haife su ta ƙare. Wannan ne abin da na so ɗalibar nan ta gani da idonta. Ƙwayoyin NK ma suna dawowa da wuri. Ƙwayoyin B suna biyo baya, wajen sati 4 sun bayyana sosai, kuma kusan duk na baƙo ne domin radiyeshan ba ya barin B na gida.

Ƙwayoyin T su ne 'yan baya, kuma su suka fi jan hankalina. Ba a ɓargo suke girma ba. Ɗanyen ɗa yana barin ɓargo ya bi jini zuwa taimos, wata 'yar tsoka fara mai ɓari biyu da ke kwance a saman zuciya. Makarantar allo ce sosai: yana shiga ba shi da CD4 ba shi da CD8, ya ƙera makamin gane abokin gaba, ya ɗauki shaidun biyu a lokaci guda, sannan a yi masa jarrabawa. Wanda bai iya gane komai ba ya mutu, wanda ya nuna zai far wa jikin gida shi ma a kashe shi. Kaɗan ne ke sauka, da CD4 ko CD8. Karatun yana cin kusan sati uku zuwa huɗu, ga shi kuma gashin ya ƙona makarantar ita kanta, sai ta gyaru. Shi ya sa T na baƙo ba sa yin kauri a jini sai wajen sati 6 zuwa 8, wani lokaci fiye, kuma a tsohon ɓera da taimos ɗinsa ya shanye abin ya fi haka jinkiri.

Kafin nan za ka ga T na ɗan gida a jini, kada ka firgita. Wasunsu suna tsira daga radiyeshan, su tarar da fili ba kowa, su yi ta rabuwa. Don bambance sabon ɗalibi da tsohon da ya hayayyafa, ƙara CD44 da CD62L a rininka. Wanda ya fito daga taimos kwanan nan yana da CD62L mai yawa da CD44 kaɗan, tsofaffin da suka cika fili kuwa CD44 ɗinsu a sama yake. Adadi zai iya cika alhali iri-irin makaman da ke hannunsu kaɗan ne, kuma wannan ita ce matsalar da ke kwantar da majinyatanmu na mutane watanni bayan an ce jininsu ya dawo.

Wani abu da za ka riƙe in kana kwatanta da mutum: jinin lafiyayyen ɓera limfosait ne suka fi yawa a cikinsa, nutrofil kaɗan ne, saɓanin na babban mutum.

Mataki na tara: buɗe ciki a sati 16

Jini bakin ƙofa ne kawai. A ƙarshe a ciro ɓargo da taimos da saifa da kaluluwa, a auna nauyinsu, a ƙirga ƙwayoyin kowanne. Taimos a cire shi da kulawa kada jini ya taɓa shi. Wanda ya warke, kusan kashi 80 na ƙwayoyinsa masu ɗauke da CD4 da CD8 tare ne, in ka ga sun yi ƙasa sosai to makarantar ba ta koma daidai ba, ko kuma ɓeran yana cikin wata damuwa. A saifa ka duba B ta CD21 da CD23, domin masu zama a gefen saifa sun fi jinkirin cika. A ɓargo ka koma kan uwayen da kansu da shaidun da aka ambata a sama.

Akwai waɗanda dashen ɓargon babban ɓera ba ya maye gurbinsu, komai daɗewa. Ƙwayoyin maikrogiliya na ƙwaƙwalwa da ƙwayoyin Langerhans na fata galibi na ɗan gida za su ci gaba da zama, domin tun suna ciki aka dasa su kuma da kansu suke sabunta kansu. Ƙwayoyin B-1a, wani nau'in B na kogon ciki, su ma ɓargon babba ba ya samar da su sosai, hantar ɗan tayi ce ta fi iya wannan.

In kana son hujjar cewa uwar ta haifi uwa irinta, ɗauki ɓargon waɗannan ɓeraye ka dasa wa sabon rukuni da aka share, miliyan 1 zuwa 5 kowanne, ka sake ƙirga sati 16. Daga shigowar ɓeraye zuwa wannan rana ana maganar kusan wata takwas, don haka ka lissafa kuɗin abinci da dizal da antibodi na tsawon wannan lokaci tun kana rubuta takardar neman tallafi, ka kuma tabbatar rukuni na biyu ba zai shiga satinsa na biyu a tsakiyar Afrilu ba.